Baturen Da Ya Shafa Baƙi Ya Zama Mahadi

Ranar Asabar da ta wuce muna zaune a teburin mai shayi bayan isha'i, sai ƙanen wani abokina ya miƙo min waya yana ƙyaƙyata dariya, wai "Yaya don Allah kalli wannan, wai Mahadin Sudan ne." Na karɓa. Guntun wani tsohon fim ne, bai fi minti uku ba. Ga mutum nan cikin farar riga da rawani, ya ɗaga hannuwa sama yana yi wa jama'a huɗuba da Turanci yana jan kalmomi kamar mai rera waƙa, fuskar nan an yaɓe ta da wani baƙi mai maiƙo, idanun kuwa in ya zaro su sai ka ce an haska tocila. Kallo ɗaya za ka yi masa ka san wannan baƙin ba na haihuwa ba ne, na gwangwani ne.

Na san fim ɗin, sunansa Khartoum, ya fito a 1966, kuma wanda ke ƙarƙashin wannan fentin Laurence Olivier ne, mutumin da har gobe Turawan Ingila da yawa suke cewa ba a yi ɗan wasan kwaikwayo kamarsa ba a ƙarnin da ya wuce.

Ina faɗin haka teburi ya rabu biyu. Akwai wani malamin sakandare da muke zama da shi, adabin Turanci ya karanta, ya ce ai wannan shi ake kira ƙwarewa, Bature ya rikiɗe ya koma baƙar fata har ka kasa gane shi, mu dai ba mu san darajar fasaha ba ne. Wani kuma da ya yi karatu a Sudan ya ture kofinsa ya ce wallahi da shi ke da iko da an tattara duk finafinan wannan mutumin an cinna musu wuta, shi bai ga abin yabo a wajen mai raina mutane ba.

Duka biyun sun ba ni haushi, amma na malam ya fi ci min rai, don shi ya san tarihin. Ra'ayina dai shi ne, Olivier gwani ne, wannan ba na ja da kowa. Amma shafa baƙin nan ba ya cikin gwanintarsa, aibu ne, kuma tun a lokacinsa aibu ne ba sai yanzu ba. Kuma ban yarda a ɓoye finafinan ba, a nuna su kowa ya gani da idonsa.

Bari mu fara ba shi haƙƙinsa

An haife shi a 1907 a wani gari mai suna Dorking a kudancin Ingila, ubansa limamin coci ne. Tun yana saurayi ya shiga wasan dandamali, irin wanda ake yi a gaban mutane kai tsaye, ba a yanke a sake, in ka manta magana kowa na kallonka. A 1935 shi da John Gielgud suka riƙa musanya matsayi biyu a wasan Romeo and Juliet a Landan, wannan ya hau Romeo na wasu makonni wancan ya hau abokinsa, sannan su juya. Masu sharhi suka ce Gielgud ya fi iya rera baitocin Shakespeare, Olivier kuma ya fi sa ka yarda mutum ne mai jini a jika yake magana. Wannan bambancin ya bi su har tsufa.

Ya je Hollywood ya yi suna a 1939 da 1940, ya dawo gida ya shiga rundunar jiragen sama ta sojan ruwa lokacin yaƙin duniya na biyu. A 1944 ana tsakiyar yaƙi ya ba da umarni kuma ya fito a fim ɗin Henry V. A 1948 ya yi Hamlet, fim ɗin ya ci kambun Oscar na fim mafi kyau, shi kuma ya ci na jarumi. Ka tuna fa wannan magana ce ta wasan da aka rubuta shekara ɗari uku da wani abu kafin nan, da tsohon Turancin da su kansu Turawan sai sun kasa kunne, amma ya sa talaka ya biya kuɗi ya shiga sinima ya kalla.

Abin da ya fi burge ni ma ba finafinan ba ne. A 1963 shi ne shugaban farko na gidan wasan kwaikwayo na ƙasa, National Theatre, ya riƙe shi shekara goma. Yaran da ya ɗauka a lokacin su ne suka zo suka zama manya, su Maggie Smith da Derek Jacobi da Michael Gambon da Anthony Hopkins. Hopkins ma ɗan jiran gado ne, ranar da ciwo ya kwantar da Olivier a 1967 shi ya hau ya maye gurbinsa. A 1970 aka ba shi sarautar Lord, ɗan wasa na farko da ya samu haka. Ya mutu a 1989. Babbar lambar yabo ta wasan dandamali a Landan sunansa take ɗauke da shi tun 1984.

To ka ga ba ƙaramin mutum muke magana a kai ba. Shi ya sa ma maganar take da nauyi, da wani ɗan tasha ne ya yi da ba wanda zai tuna.

Daga waje yake farawa

Kowane ɗan wasa da hanyarsa. Wani daga zuci yake farawa, ya zauna ya yi ta tunanin me wannan mutumin yake ji. Olivier shi daga waje yake shiga, kuma bai taɓa ɓoye wannan ba. Sai ya nemo hanci, ya nemo tafiya, ya nemo murya, in waɗannan sun zauna sai mutumin ya biyo baya. An san shi da hancin ƙarya, kusan kowane babban matsayi da irin hancin da yake liƙawa.

A wajen Richard III wannan hanya ta yi aiki sosai. Dogon hanci, baƙin gashi har kafaɗa, doro, ɗingishi, da wata siririyar murya mai yanka kamar reza. Na kalli fim ɗin na 1955 ya fi sau uku kuma duk sanda ya juyo ya kalli kyamara yana gaya maka makircin da zai ƙulla sai ka ji kamar kai ma da kai aka haɗa baki. Wannan sarkin nasu ne, tarihinsu ne, ya san shi ciki da bai.

Amma ka ɗauki wannan hanyar ka ɗora a kan mutanen da ba ka zauna da su ba, me za ka kwaikwaya? Abin da idonka na baƙo ya hango kawai. Kamar ka ce wa wanda bai taɓa kwana a ruga ba ya yi maka Bafillatani, ai sanda zai saɓa a kafaɗa ya karya harshe ya tsaya da ƙafa ɗaya, shi a ganinsa ya gama. Ya ɗauko abin da ake gani daga bakin titi, ya bar mutumin a can.

Haka aka yi a Othello. A 1964 ya hau wannan matsayi a dandamali, a 1965 aka mai da shi fim. Othello janar ne baƙar fata a rundunar Venice, wanda wani na ƙasa da shi ya zuga har ya kashe matarsa saboda kishi. Olivier ya yi watanni yana horar da muryarsa ta koma ƙasa ta yi kauri, ya ɗaga ƙarfe, ya ƙirƙiro wata tafiya ta rangwaɗa ba takalmi, ya shigo yana sansana jan fure. Sannan kowane dare sai ya shafe fiye da awa biyu ana yaɓa masa baƙi tun daga goshi har ƙafa, a bi da ƙyalle a goge har ya yi sheƙi. Wahala kam ya sha, ba wanda zai ce ya yi ha'inci a aiki. Shi da mutum uku da suka fito tare duk an sa sunayensu a takarar Oscar.

Ni dai da na kalla ban ga janar ba. Na ga Bature yana nuna min yadda yake zaton baƙar fata yake dariya, yadda yake zaro ido, yadda yake birgima in ransa ya ɓaci. Frank Finlay da ya fito a mugun yana magana a hankali kamar mutum, shi kuma yana ta tsawa. Akwai wuraren da muryar take ratsa ka, ba zan yi ƙarya ba, musamman can ƙarshe da ya rungumi gawar matar. Amma ko a nan ɗin idona na kan fentin, ina jiran in ga ko zai goga a farar rigarta.

"Ai zamaninsu ne"

Wannan ita ce hujjar farko da malam ya kawo, kuma ita kowa ke kawowa. Wai kar a auna mutumin da da ma'aunin yau.

Na yarda da rabinta. Gaskiya ne tun zamanin Shakespeare Turawa ke hawa Othello da fenti, kuma gaskiya ne a shekarun da Olivier ya yi nasa gidan talabijin na BBC yana nuna wani shiri na mawaƙa Turawa masu shafa baƙi, tun 1958 ba a daina ba sai 1978, iyalai na zaune a falo suna kallo. Ba shi kaɗai ba ne.

Amma "zamaninsu" na su wa? Ira Aldridge, baƙar fata ɗan Amurka, ya hau Othello a babban gidan wasa na Covent Garden a Landan tun 1833, jaridu suka yi masa ca, aka tsayar da wasan bayan dare biyu, ya tafi sauran ƙasashen Turai can ya samu girman da aka hana shi. Paul Robeson, shi ma baƙar fata ɗan Amurka, ya yi a Landan a 1930, ya yi a New York a 1943 har sau 296, ya dawo ya yi a Stratford, garin Shakespeare kansa, a 1959. Shekara biyar kacal kafin na Olivier ke nan. A 1964 ɗin da ya fara shafa nasa baƙin, a shekarar Sidney Poitier, baƙar fata, ya ci Oscar. Kuma da fim ɗin ya isa Amurka mai sharhin jaridar New York Times bai ɓoye mamakinsa ba, ya kwatanta shi da 'yan wasan barkwancin da ke shafa baƙi don a yi wa bayi dariya. Wannan ba ɗan zamanin intanet ba ne, a lokacin ya rubuta.

Saboda haka mutanen lokacin sun sani. Wasu sun faɗa, ba a dai saurare su ba ne. Kuma in al'ada ce hujja, to a zamanin Shakespeare yara maza ke fitowa a matsayin mata, sai a 1660 aka bar mace ta hau dandamali a Ingila. Me ya sa Olivier bai nemo yaro ya ɗaura masa zani ya zama Desdemona matar Othello ba, ya ɗauko Maggie Smith? Al'adar da ta yi masa ya riƙe, wadda ba ta yi masa ba ya bari.

"To ai aikin ɗan wasa ke nan, ya zama wanda ba shi ba"

Wannan ta fi ƙarfi, kuma ba na raina ta. In aka ce kowa sai irinsa zai fito, wasan kwaikwayo ya mutu. Mai kuɗi ba zai fito a talaka ba, mai ido ba zai fito a makaho ba, Bakano ba zai fito a Basakkwace ba. Ba wanda ke son haka.

Amma mu Hausawa mun fi kowa sanin amsar wannan, don muna da wasan barkwanci. Bakano ya tsokani Bazazzagi, Bafillatani ya ce Babarbare bawansa ne, Bakatsine da Banufe su yi ta yi. Me ya sa ba a faɗa? Saboda ana ramawa. Yau ka faɗa min gobe in faɗa maka, kowa na da baki, kuma a ƙarshe kwano ɗaya za mu ci. Ranar da ya zama kai kaɗai ke da bakin magana, ni kuma an ce in zauna in yi shiru in kalla, ya tashi daga wasa.

A 1966 Olivier zai iya zama Mahadi. Akwai ɗan Sudan ɗin da za a bari ya zama Janar Gordon, Baturen Ingila da Mahadi ya yi wa ƙawanya a Khartum? Akwai baƙar fatar da za a ba Hamlet a National Theatre? Ko Othello ɗin ma, matsayi mafi girma da Shakespeare ya rubuta wa baƙar fata, sai a 1997 baƙar fata ya fara hawa shi a wannan gidan, David Harewood, shekara talatin da uku bayan na Olivier. Ƙofar a buɗe take ta gefe ɗaya, ta ɗaya gefen an sa sakata. Kuma wa ke riƙe da makullin gidan daga 1963 zuwa 1973? Shi ne. Ba ɗan wasa ne kawai da aka kira aka ba aiki ba, shi ke rabon aikin.

Sannan a duba yadda abin ya kasance da aka buɗe ƙofar. David Oyelowo, ɗan asalin Najeriya, ya fito a Sarki Henry VI a kamfanin Royal Shakespeare wajen shekarar 2000, sarkin Ingila sukutum. Ba wanda ya shafa masa alli a fuska, ba wanda ya liƙa masa siririn hanci. Ya sa kambi ya yi magana, mutane suka yarda sarki ne. Ashe dama ba a bukatar fentin. In fata ba ita ce matsayin ba, me ya kawo awa biyu na shafe-shafe? In kuma ita ce, me ya hana a kira mai ita?

Wanda bai gane zafin abin ba ya tuna yadda yake ji in ya kunna wani fim na kudu ya ga an fito da "aboki" mai gadi, da hula a karkace da goro a baki da rediyo a kunne, yana karya Turanci ana dariya, kuma ka san ɗan wasan ko Zariya bai taɓa zuwa ba. Ba ka cewa kai wannan ya ƙware. Tsaki kake yi. Mu ma kuma, tunda gaskiya ake so, muna yi wa wasu a namu finafinan, mun san yadda ake fito da Bayarabe da Inyamuri da mutumin ƙauye, kar mu yi kamar ba mu sani ba.

Na Mahadi ya fi min ciwo

Othello ko ba komai ƙirƙirarren mutum ne. Muhammad Ahmad kuwa mutum ne da ya rayu, ɗan yankin Dongola, ya yi da'awarsa a tsibirin Aba a 1881, ya murƙushe rundunar Masar da Bature Hicks ke jagoranta a 1883, ya yi wa Khartum ƙawanya har ta faɗi a Janairun 1885 aka kashe Gordon, shi ma ya rasu bayan wata biyar a Omdurman. Ba maganar da'awar tasa nake ba, ko gaskiya ce ko ba gaskiya ba wannan na malamai ne kuma sun daɗe da yin magana. Ina maganar mutum ne mai zuri'a da mabiya. A shekarar da fim ɗin ya fito, 1966, tattaɓa kunnensa Sadiq al-Mahdi ya zama firayim ministan Sudan. Ka yi tunani, kana mulkin ƙasa, ana nuna kakan babanka a sinimun duniya da fuskar fenti.

Kuma labarin nan bai yi nisa da mu ba. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya karɓi kiran Mahadin nan tun yana Adamawa. Bayan yaƙin Burmi a 1903 ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya ja jama'a suka yi gabas, garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu nasu ne, har yau jikokinsu na can suna jin Hausa da Fillanci. Shi ya sa ban ga laifin abokinmu da ya ture kofi ba, ya zauna da mutanen da wannan tarihin nasu ne na gida.

Fim ɗin ya nuna Gordon da Mahadi sun haɗu ido da ido suna muhawara a tanti. Ba su taɓa haɗuwa ba, wasiƙu kawai suka yi musaya. Wannan ban riƙe shi da zafi ba, masu fim kowa ya san suna ƙara gishiri. Zan ma ƙara musu da cewa ba su mai da shi mahaukaci ɗungurungum ba, a ƙarshe an nuna ransa ya ɓaci da aka kawo masa kan Gordon. Amma duk da haka labarin na Gordon ne, Charlton Heston da ya fito a Gordon ɗin shi ne mai shiga zuciya, Mahadi kuma guguwa ce da ta taso daga hamada.

Sai malam ya ce to kuɗi fa, fim mai tsada dole a sa babban suna. Haka ne. Amma wa ya san Omar Sharif a Turai kafin 1962? An ba shi dama ne a Lawrence of Arabia ya zama suna. Suna ba daga sama yake faɗowa ba, wani ne ke buɗe maka ƙofa, kamar yadda aka buɗe wa Olivier ɗin yana yaro a Birmingham.

Anthony Quinn fa?

Nan ne malam ya kusa kama ni, kuma na ji daɗin tambayar. Ya ce kai da kake wannan surutun, ba kai ne kake kuka in ka kalli Umar Mukhtar ba? Anthony Quinn da ya fito a Umar Mukhtar ai haifaffen Meziko ne, shi ne kuma ya fito a Sayyidina Hamza a fim ɗin The Message, duk mun kalla mun yaba, ba wanda ya ce an raina Larabawa.

Gaskiya ne, kuma na yi shiru na ɗan lokaci. Amma da na juya abin a raina sai na ga bambancin. Wanda ya shirya finafinan nan biyu Moustapha Akkad ne, Balaraben Siriya, Musulmi. Masu labarin ne suka ɗauko baƙo suka ce zo ka taya mu faɗa wa duniya, ba baƙo ne ya shigo ya ce ku matsa in nuna muku yadda kuke ba. Sannan The Message kashi biyu aka ɗauka a tare, na Turanci da na Larabci, a na Larabcin ɗan Masar Abdullah Gaith ne ya hau Hamza, wato ba a hana masu abu abinsu ba. Kuma ka kalli Quinn a Umar Mukhtar, tsoho ne mai farin gemu da tabarau yana koyar da yara karatu, a natse, ba zare ido ba rangwaɗa. Ban ce ba za a iya yi masa tambaya ba shi ma, za a iya. Amma ba abu ɗaya ba ne.

Masu cewa a ƙone

Su ma ban bi su ba. A 2021 wani farfesan kiɗa a Jami'ar Michigan ta Amurka ya nuna wa ɗalibansa Othello ɗin Olivier ba tare da ya yi musu bayanin komai ba, aka yi ta hayaniya har ya janye daga koyar da ajin. Kuskurensa a ganina rashin shimfiɗa ne, da ya tsaya minti biyar ya ce ga abin da za ku gani ga kuma tarihinsa da an wuce wurin. Amma a ce kar a nuna sam, wannan gata ne ake yi wa Olivier ba hukunci ba. In aka ɓoye fim ɗin abin da zai rage shi ne Lord Olivier mai mutum-mutumi a bakin kogin Thames, tsaf ba tabo. Ni na fi so yaro ya kalli Richard III yau ya riƙe baki, gobe ya kalli Khartoum ya ga mutum ɗaya ne, ya san gwani ma yana iya yin abin kunya kuma a tafa masa.

Akwai wani abu da yake ba ni dariya. A 2008 Chiwetel Ejiofor, shi ma iyayensa 'yan Najeriya ne, ya ci lambar jarumi mafi ƙwarewa saboda Othello da ya yi a wani ƙaramin gidan wasa a Landan. Lambar da aka miƙa masa ita ce mai sunan Olivier, ɗan gunkin tagulla mai siffar kan Olivier ɗin. Ya karɓa ya tafi da ita gida. Ban ji ya jefar ba.

Kafin mu tashi na karɓi wayar na nemo wani wurin a fim ɗin na Khartoum, na ce wa abokinmu na Sudan ya duba wanda ke tsaye bayan Gordon. Akwai baƙar fata na gaske a fim ɗin, Johnny Sekka, haifaffen Dakar, an ba shi matsayin Khaleel, hadimin Gordon. Ya ƙura wa fuskar ido ya ce kai na san wannan mutumin, a ina na san shi? Na ce ka san shi mana, shekara goma bayan wannan Akkad ya ɗauke shi a The Message na Turanci, shi ne Bilal, wanda aka ɗora wa dutse a ƙirji, wanda ya hau sama ya kira salla.

Ya daɗe yana kallon wayar bai ce komai ba. Malam ya biya kuɗin shayin mu duka, ya ce shi dai har yanzu yana nan a kan bakansa game da ƙwarewar.